Ranar da Kwamfutocin Mubi Suka Yi Shiru

Ina da shekara ashirin da shida aka ɗauke ni aiki a wata ƙaramar cibiya da ke Yola, inda ake lissafin ruwan sama da cikar kogin Binuwai. Gidanmu yana Karewa, a Jimeta. Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya, shi da Mama kuma daga wajen Numan suka taso tun kafin a haife ni. Kullum da safe nakan hau keke mai ƙafa uku zuwa Yola. A shekarun nan an riga an kafa shingayen sojoji a hanya, don haka tafiyar da ba ta kai rabin awa ba takan cinye awa guda. Wani lokaci a sauke mu, mu taka da ƙafa, jaka a buɗe a hannu.

Aikina kula da ɗakin kwamfutoci ne. Guda goma sha huɗu ne, an jera su a kan kantar ƙarfe, an haɗa su da wayoyi don su yi aiki ɗaya tare: a ba su lissafi mai nauyi, su raba shi a tsakaninsu. Shugaban sashenmu, wani dattijon Bafulatani ɗan asalin Yola da kowa ke kira Bappa, shi ya raɗa musu suna garke, sunan kuma ya bi su. Hausar Bappa ta Yola ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Injiniya, kai ne za ka riƙe garken nan," in ji shi ranar da na fara. "In ɗaya ya yi zazzaɓi, ka sani kafin ya faɗi."

Ba wasa yake ba. Zafin Yola kafin saukar damina yana iya kashe kwamfuta cikin yini guda idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Ba kuma zai yiwu mutum ya wuni yana dafa kowace yana jin zafinta ba, saboda haka muna da wata manhaja mai sa ido. Duk minti biyar kowace kwamfuta takan aiko mata ɗan rahoto: ina nan, zafina kaza, wurin ajiyata ya cika zuwa kaza. Ita kuma ta zana su a allo, kowace da ɗan akwatinta. Kore lafiya, ja matsala. In akwati ya yi ja, sai saƙon tes ya shigo wayata.

Ba sayen manhajar muka yi ba, ba kuma ta wani kamfani ba ce. Rubutunta a buɗe yake, kowa na iya saukewa ya karanta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya aika gyaran ga sauran jama'a. Masu yin ta mutane ne irina, masu tsaron ɗakunan kwamfuta a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Suna da wani zaure na wasiƙun imel: ka rubuta ɗaya, kowa ya samu. Gyaran da mutum ya aika kuwa faci ake ce masa, kamar na taya. Da na gaya wa Baba haka ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ashe duk karatun nan mai faci na zama.

Wanda ke da ikon karɓar faci ko mayar da shi wani dattijo ne a wata ƙasa mai sanyi, shi ya fara rubuta manhajar. Ban taɓa jin muryarsa ba. Wasiƙunsa gajeru ne, babu gaisuwa, babu sallama. Ni da na tashi a gidan da ba a fara magana sai an tambayi kwana da gajiya, na daɗe ina zaton fushi yake yi da kowa.

Cibiyarmu tana da ƙaramin reshe a Mubi: ɗaki guda da kwamfutoci uku da ke tattara awon ruwan sama daga ƙauyukan duwatsu. Mai kula da su ya girme ni da kusan shekara goma, Hamma nake ce masa, wato yaya a bakin mutanen wajenmu. Kakanninsa maƙera ne da suka zo daga Kano suka zauna, shi ma hannunsa na maƙera ne, ba abin da ba ya kwancewa ya mayar. Sau biyu kacal muka haɗu ido da ido a lokacin, amma kusan kullum sai mun yi waya. Kwamfutocinsa uku su ma suna aiko rahoto zuwa allona, akwatunansu suna can ƙasa ta hannun dama.

Su ne suka hana ni sakat. Mu a Yola muna da janareta da manyan batura, shi kuwa Hamma ɗan batir ɗaya gare shi da ba ya wuce minti goma. Waɗanda suka rubuta manhajar ba a ɗauke musu wuta, don haka a wurinta duk kwamfutar da ta yi shiru ta mutu ke nan. Da an ɗauke wuta a Mubi sai tes uku su shigo mini, da an kawo wasu ukun su biyo. A coci ma sai da wata dattijuwa ta juyo ta harare ni saboda ƙarar wayata. Sannan aka yi wani lokaci da aka katse sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya saboda tsaro, akwatunan Hamma suka yi makonni suna ja alhali lafiyarsu ƙalau. Har na kai ba na duba saƙon in ya shigo, wannan kuwa ya fi komai haɗari ga mai irin aikina.

Sai na zauna na rubuta faci. Dokarsa mai sauƙi ce: idan duk kwamfutocin wuri guda suka yi shiru a lokaci ɗaya, to wuta ce ko sabis. Kada a yi ja, kada a aika tes. A mayar da akwatunan ruwan toka, a rubuta a ƙarƙashinsu cewa babu wuta, a jira. Hamma ya gwada mini shi a nasa ɓangaren, yana zare waya yana mayarwa muna magana.

Na yi mako biyu da facin a hannuna na kasa aikawa. Tsoron Turancina nake ji, da tsoron a ce wace ce wannan daga ina. Da na aika, dattijon ya mayar da shi da layi huɗu na gyara. Na gyara, ya sake mayarwa. A karo na uku ya rubuto kalma ɗaya, cewa an karɓa. Ranar na sayi tsire na kai gida, Mama ta yi ta tambaya ko ƙarin girma aka yi mini. Bayan wata biyu wani mutum daga wata ƙasar Asiya ya rubuto zauren yana godiya, ya ce su ma wutarsu ba ta zama, yanzu ya samu kansa. Na buga wasiƙar a takarda na liƙa a bangon ɗakin.

A ƙarshen daminar shekarar da hare-haren 'yan tada ƙayar baya suka tsananta a arewacin jiha, mutane sun riga sun fara kwararowa Yola daga Madagali da Michika. Hamma yakan ce mini Mubi babban gari ne, akwai sojoji, ba za su iya ba. Yakan faɗa da murya mai ƙarfi, kamar yana so matarsa ta ji daga ɗaki.

Wata ranar aiki da hantsi na ɗaga kai na ga akwatunansa uku sun koma ruwan toka. A ƙarƙashinsu ga kalmomin da na rubuta da hannuna: babu wuta, a jira. Na ci gaba da abin da nake yi. Ina canza fankar wata kwamfuta ne, ƙusa ɗaya ta ƙi fita. Da rana na fita na ci shinkafa da wake a wurin matar da ke sayarwa a bakin ƙofa, na dawo, na sake kallon allon, na ce a raina yau wutar Mubi ta yi nisa.

Wajen la'asar Bappa ya shigo ɗakin da takalminsa, abin da bai taɓa yi ba, don shi ya kafa dokar cirewa. Ɗan rediyonsa yana hannu a kashe.

"Injiniya, ka yi magana da mutumin Mubi yau?"

"A'a, Bappa. Ba su da wuta tun safe."

"Wa ya gaya maka ba su da wuta?"

Na nuna masa allon. Ya matso ya karanta, ya daɗe yana kallo.

"Sun shiga Mubi," ya ce. "Tun da hantsi."

Na kira Hamma. Wayar a kashe. Na kira lambar matarsa, da ta mai gadin ofishinsu, duk ba sa shiga. Na duba lokacin da rahoto na ƙarshe ya iso, na lissafa: awa shida ke nan ina zaune kusa da labarin, ina cin abinci, ina faɗa da ƙusa.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya jera su daidai ba. Na san da safe kafin in tafi aiki nakan biya tashar mota ta Jimeta in tsaya ina kallon waɗanda ake saukewa daga manyan motoci, mata da goyo, tsofaffi da ƙafafu a kumbure. Na je harabar coci biyu da wata makaranta inda aka tara mutane, ina bin takardun sunaye da yatsa. Bappa ya bi masallatai da gidajen 'yan Mubi da ya sani a cikin Yola. Babu wanda ya ga Hamma. Wani ya ce ya hango shi a ƙofar ofis da safen ranar, shi ke nan.

A gida kuma ɗakunanmu uku sun cika da dangin wata maƙwabciya da ba ta da wurin sa su. Mama ta haɗa jaka guda ta ajiye bayan ƙofa, da takardun makarantarmu a ciki da maganin hawan jinin Baba. Kullum sai an ce sun matso, sun kama gari na gaba, Yola suka nufo. Wasu maƙwabta suka kulle gida suka bi hanyar Numan. Baba ya ce shi ba inda za shi, amma na lura ya daina cire takalmi in yana zaune a tsakar gida.

A rana ta uku Bappa ya kira ni ofishinsa.

"In aka ce mu tashi, garken nan ba ya shiga mota," ya ce. "Ƙarfen ba kome. Abin da ke ciki fa? Awon ruwan nan tun ina saurayi ake tara shi. Ka san inda za mu kai?"

Ban sani ba. Intanet ɗinmu ba ta da ƙarfi, tana kuma yankewa sau da yawa a yini. Na koma kan kujerata na rubuta wa zauren manhajar wasiƙa, ko da yake ba don irin wannan aka yi shi ba. Na ce ina neman afuwa, ga inda nake, ga abin da ke faruwa, akwai wanda ya san yadda za mu fitar da bayananmu ta ƙaramin layi mai yankewa?

Dattijon manhajar ne ya fara amsawa, cikin ƙasa da awa guda. Bai ce sannu ba. Ya ba ni adireshin wani wurin ajiya a kwamfutarsa, ya tambayi girman bayanan da ƙarfin layinmu. Kafin in tashi aiki mutum biyar sun shigo maganar. Wata mata daga Kudancin Amirka ta rubuta ɗan shiri da ke yayyanka bayanan ƙanana-ƙanana, yana tura su ɗaya bayan ɗaya, in layi ya yanke ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mutumin Asiyan nan ya gano kuskure a ciki ya gyara. Wani ya ce mu fara da abin da ba shi da kwafi a ko'ina, ya taya ni jera su. Kwana shida muna turawa. Kowace safiya in na shigo, abin da nake fara dubawa shi ne nawa ya wuce, sai idona ya gangara ƙasa ta dama, inda akwatuna uku suke nan yadda suke.

Na yi tunanin share su daga allon. Na kasa.

A rana ta tara da safe mai gadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na fita na ga wani mutum zaune a kan dakali, ya rame, gemu ya fito masa, silifas ɗin ƙafarsa kowane da kalarsa. Kular abinci tana kan cinyarsa ya riƙe da hannu biyu. Sai da ya ce "Injiniya" na gane shi.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Hamma, sannu. Sannu. Iyali fa?"

"Suna Shagari Low Cost, gidan ɗan kawuna. Jiya da yamma muka iso. Ta duwatsu muka bi, muka faɗa Kamaru, daga can wata motar kaya ta kwaso mu."

Ya buɗe kular. A ciki, an naɗe su da ɗankwalin 'yarsa, faya-fayan ajiya ne guda uku da ya kwance daga kwamfutocinsa. Taƙaitaccen lissafi kawai suke aiko mana Yola, ainihin awon kowane ƙauye yana cikin waɗannan. Ya ce a kowane shinge gabansa faɗuwa yake, don ƙarfe ne mai wayoyi a cikin kula, in aka buɗe wa zai tsaya jin bayani.

Bappa ya zo ya rungume shi, suka yi ta magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, aka aika a sayo masa shayi da burodi. Bayan ya ci ya ce yana so ya shiga ɗakin garke ya sha sanyi. Muka shiga mu biyu. Ya zauna a kujerata, ya dubi allon, ya ga akwatunansa da rubutun da ke ƙarƙashinsu.

"Akwai wuta ranar," ya ce.

Ya juyo gare ni, ya ci gaba.

"Da muka fara jin harbi na kira ki ya fi sau biyar, layi ya cushe. Sai na ce bari in kashe su duka in kwashe faya-fayan. Na ce Injiniya za ta ga ja uku, za ta nemi dalili, za ta gaya wa Bappa, ƙila a turo motar ofis ta tare mu a hanya. Muka fita bayan gari muka tsaya a wata mararraba, ni da maiɗakina da yara da ƙanena. Awa biyu muna nan ina duba waya."

"Hamma, facina ne. Shi ya hana."

"Na sani. Ni na gwada miki shi. Sai da muka hau dutse da yamma na tuna, na zauna a kan wani falali ina ta dariya, maiɗakina ta ɗauka na taɓu."

Na tambaye shi ƙanen nasa. Tela ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, na sha jin labarinsa a waya. Hamma ya ce mahaifinsu ya ƙi fitowa daga gida, ya ce ya tsufa da gudu. Da zaman mararrabar ya yi tsawo, ƙanen ya ce tunda jira ake yi, bari ya koma da babur ya sake lallashin tsohon. Ya tafi. Harbi ya matso, dole suka bar wurin. Daga ranar ba su ji ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Da tes ya shigo mini, da ba ku daɗe a wurin ba."

"Da tes ya shigo miki, da mun fi daɗewa ma, ƙila. Bappa ya ce hanyar ta toshe tun kafin azahar, ba motar da za ta wuce. Ko da kin kira, layi ba ya shiga." Ya shafa fuskarsa. "Ban sani ba, Injiniya. Ke ma ba ki sani ba. Amma abin nan da ya ce a jira, a gyara shi. Bai san me yake faɗa ba."

Daga ranar kullum sai ya zo. Gidan ɗan kawun nasa mutane sun fi ashirin a ciki, ba wurin miƙe ƙafa, nan kuwa akwai sanyi da shiru. Muka zauna muka sake tunanin dokar daga tushe. Hamma ne ya kawo hanyar. Ya ce in wuta ce da gaske, kwamfuta takan koma kan batir na 'yan mintuna kafin ta mutu. To a cikin mintunan nan ta aiko da sallama, ta ce wuta ta tafi. In an ji sallamar, a jira. In ba a ji ba, a yi ja nan take. Ni kuma na ƙara cewa ko da sallama, in shirun ya wuce awa ɗaya a nemi mutum a gaya masa, shi ya yanke hukunci.

Rubuta sabon facin kwana huɗu ya ɗauke mu. Wasiƙar da za ta raka shi ta fi shi wuya. Tsohon facina ya riga ya shiga manhajar, yana aiki a ɗakunan mutanen da ban sani ba, wasu har sun gode mini. Yanzu sai in tsaya a gaban zauren da ya gama taimakona in ce abin da na ba ku yana ɓoye masifa. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga. A ƙarshe Hamma ya ce in daina ƙawata shi, in faɗi abin da ya faru a jere. Na faɗa, ban ambaci ƙanensa ba don bai ba ni izini ba. Na cire takardar godiyar nan daga bango kafin in danna aikawa.

Amsar dattijon ta zo washegari, ita ce mafi tsawo da na taɓa gani daga gare shi, layi shida. Ya ce ni na rubuta, shi ya karɓa bayan ya karanta sau uku, don haka kuskuren na mutum biyu ne, na kowa ma da ya karanta ya yi shiru. Ya ce zai fitar da sanarwa ga duk masu amfani da manhajar a ranar. Sannan ya nuna wurare biyu a sabon facin da ba su yi masa ba. A layin ƙarshe ya tambaya ko abokin aikina ya samu wurin kwana.

Bayan kwana biyu mutumin Asiyan ya rubuto. Ya ce watanni kaɗan da suka wuce ruwa ya shiga wani ƙaramin ɗakinsu ya kashe kwamfutocin ciki duka, allo ya ce babu wuta, a jira, suka jira har washegari. Ya ce ya gane dalilin tun a lokacin, amma ya ji kunyar faɗa saboda shi ne ya fi kowa yabon facin. Aka yi mako guda ana muhawara a kan awa ɗayan nan, wasu na cewa ta yi yawa, wasu ta yi kaɗan, aka tsaya a kan kowa ya saita tasa amma ba wanda zai iya kashe ta gaba ɗaya. Aka karɓi facin da sunana da na Hamma. Na nuna masa, ya gyaɗa kai, ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Maharan ba su iso Yola ba. Bayan sojoji sun ƙwato Mubi labari ya zo cewa mahaifin Hamma yana raye, maƙwabta biyu tsofaffi irinsa ne suka riƙa raba abin da ya rage a rumbu. Tsohon ya ce ɗan nasa bai iso gida ba ranar. An samu babur ɗin a gefen hanya bayan wani lokaci. Hamma ya yi kusan shekara a Jimeta kafin ya kwashe iyalinsa da matar ƙanen da yaranta ya koma.

Yanzu Bappa ya yi ritaya, yana gonarsa a Mbamoi, ni ke riƙe da sashen. Dattijon manhajar ya yi rashin lafiya shekarun baya, ya rubuto ya ce idanunsa ba sa iya dogon karatu, ya raba ikon karɓar faci ga mutum huɗu. Ina cikinsu. Na so in ƙi, Baba ya ce in an miƙo wa mutum abu da hannu biyu ba ya juya baya. Tun daga nan duk facin da ya shigo sai in karanta shi in sake karantawa, ina neman wurin da zai yi wa wani ƙarya a ranar da ya fi bukatar gaskiya. Ina da jinkiri, an sha yi mini ƙorafi a zauren. A cikin mu huɗun, ɗaya ya canza aiki ya rage leƙowa, matar Kudancin Amirka kuma tana jinyar mahaifiyarta. Masu amfani da manhajar suna ƙaruwa, masu karanta cikinta ba sa ƙaruwa. Wannan yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

A bara Hamma ya samu faranti masu amfani da hasken rana da sababbin batura, ya ce in zo mu haɗa tare. Ban taɓa bin hanyar Mubi ba tun abin nan. Na yi mako guda ina neman uzuri, Mama ma ta taya ni nema. A ƙarshe na shiga motar farko daga tashar Jimeta. Bayan mun wuce Hong na fara duban kowace mararraba, ina tambayar kaina ko ita ce. Ban tambayi direba ba, da na isa ban tambayi Hamma ba.

Ofishin an yi masa sabon fenti. Muka hau rufi muka ɗaura farantan, muka ja wayoyi, muka saita batura. Kafin azahar mun gama. Ya kai ni gidansu, matarsa da matar ƙanensa suka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa. Tsohon yana zaune a inuwa a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, amma ya tambayi mahaifina da mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi cikar kogi a wajenmu bana. Har yanzu keken ɗinkin ɗansa yana zaure an rufe shi da zane, matar ce ke amfani da shi in ta samu aiki.

Ƙarfe biyu Hamma ya ce in tashi, don in wuce wuraren da ba a so yamma ta yi wa mutum. Ya raka ni tasha da buhun gyaɗa ƙarami da tsohon ya ce a kai wa Baba. Ya tsaya har motar ta cika, ya yi magana da direban, ya karɓi lambarsa. Muna fita gari ya kira ni ya ce in na wuce kowane babban gari in sanar da shi. Na kira shi a Hong, na kira a Gombi, na kira a Song. Da muka hau gadar Jimeta rana ta yi ƙasa, masu wanki suna kwashe kaya daga bakin ruwa. Na kira shi na ce na iso.

"To madalla," ya ce. "Gobe ki duba mini batir na biyu, kamar yana saurin sauka."